YADDA ƘASAR OSTIRELIYA KE SA IDO KAN BAƘIN LIKITOCI

A 'yan shekarun nan ba a rasa jin labarin likitocin ƙasar nan da suka tattara nasu-ya-nasu suka nufi ƙasashen waje neman aiki. Yawanci in ana wannan zance sai a ambaci Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya, a manta da wata ƙasa can ƙuryar duniya wadda ita ma ta daɗe da buɗe ƙofarta ga baƙin likitoci, watau Ostireliya. Ƙofar kam a buɗe take, amma wanda ya shiga zai tarar da zaure bayan zaure, kuma a kowane zaure akwai mai tsayar da shi ya yi masa tambaya. Ko bayan an ba shi kujera da ɗakin duba marasa lafiya, ba a sakar masa ragama nan da nan. Sai an ɗora masa wani likita ɗan ƙasa mai sa masa ido, an kuma ɗora wa asibitin da ya ɗauke shi wasu sharuɗɗa waɗanda tilas ya cika su.

Kafin mai karatu ya fahimci dalilin wannan tsari, ya kamata ya san yanayin ƙasar. Faɗin Ostireliya ya ninka na Nijeriya fiye da sau takwas, amma jama'arta ba su wuce kimanin miliyan 27 ba, watau kusan kashi ɗaya cikin takwas na jama'armu. Mafi yawansu kuwa sun taru ne a manyan biranen bakin teku kamar su Sidni da Melbon da Birisben. In aka nausa cikin ƙasar sai a iske ƙananan garuruwa na manoma da makiyaya da masu haƙar ma'adinai, wani garin sai an yi tafiyar sa'o'i da yawa a mota kafin a kai ga babban asibiti. Tun 1928 suke da ƙungiyar likitoci masu kai ɗauki da jirgin sama saboda wannan nisa. Likitocin da aka horar a jami'o'in ƙasar sun fi son zama a birni, kamar dai yadda namu suka fi son Kano da Kaduna da Abuja bisa ga ƙauye. Saboda haka gwamnati ta juya ga baƙi. A yau kusan ɗaya cikin kowane likitoci uku a ƙasar a waje ya yi karatunsa na farko, a garuruwan karkara kuwa adadin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Aikin da aka fi neman baƙin su yi shi ne na likitan iyali, wato likitan da yake zaune a ƙaramin asibitin unguwa ko na gari, yana duba yaro da tsoho, mace da namiji, ko da wace irin cuta suka zo. A can wannan likita shi ne mai tsaron ƙofa. Tsarin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare, wanda aka fara a 1984, yana biyan wani kaso na kuɗin ganin likita, amma in mutum yana so a biya masa kason ganin ƙwararre, alal misali likitan zuciya ko na fata, sai likitan iyali ya rubuta masa takardar turawa. Ke nan duk abin da ya kuɓuce wa likitan iyali, da wuya wani ya tare shi a gaba. Daɗin daɗawa, shi kaɗai yake cikin ɗakinsa da majiyyaci, ƙofa a rufe. Ba kamar ƙaramin likita a babban asibiti ba, wanda manya suke zagayowa kowace safiya suna duba abin da ya rubuta.

Abin Da Ya Faru A Bundaberg

Ba haka kawai aka tsananta ba. A 2003 wani asibitin gwamnati da ke garin Bundaberg, cikin jihar Kwinsland, ya ɗauki wani likitan fiɗa mai suna Jayant Patel, wanda ya yi karatu a Indiya ya kuma yi aiki a Amurka. Hukumar likitocin jihar ta yi masa rajista ba tare da ta gano cewa hukumomin Amurka sun riga sun taƙaita irin fiɗar da zai yi a jihar Oregon ba, ya kuma rasa lasinsa na jihar Niyu Yok. Muƙamin da aka yi masa rajista dominsa na wanda zai yi aiki ƙarƙashin shugaban sashen fiɗa ne, amma da yake kujerar shugaban babu kowa a kanta, sai aka ɗora shi a kai. Wanda aka ce a sa wa ido ya zama shi ne mai sa ido. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Toni Hoffman ta yi ta kai ƙara ba a saurare ta ba, har maganar ta kai gaban majalisar jihar a 2005. Kwamitin binciken da aka kafa a shekarar ya danganta mutuwar mutum 13 da rashin ingancin aikinsa. Kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba a 2010, babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin a 2012, daga bisani a 2013 ya amsa laifin yaudara wajen samun rajista.

Lalle ne a faɗi gaskiya, Patel ba likitan iyali ba ne, kuma dubban baƙin likitoci da suke aiki tsakaninsu da Allah sun sha kallon banza saboda laifin da ba nasu ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Gwamnatocin jihohi da ta tarayya suka yarda a daidaita hanyar tantance baƙin likitoci, sa'an nan a watan Yuli na 2010 aka fara tsarin rajista guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya, ƙarƙashin Hukumar Likitoci ta Ostireliya da kuma ofishin da ake kira AHPRA mai riƙe da rajistar ma'aikatan lafiya. Kafin nan kowace jiha da tata hukumar da nata ƙa'idojin.

Hanyoyin shiga ba ɗaya ba ne. Wanda ya fito daga ƙarƙashin hukumomin da Ostireliya ta amince da tantancewarsu, watau na Ingila da Ailan da Amurka da Kanada da Niyu Zilan, ba ya sake rubuta jarrabawa, sai dai ya yi shekara guda yana aiki ana sa masa ido. Wanda ya fito daga sauran ƙasashe, har da Nijeriya da Masar da Sudan da Indiya da Pakistan, sai ya bi doguwar hanya. Da farko a aika wa jami'ar da ta ba shi digiri ta tabbatar da takardarsa da kanta, ya kawo shaidar kyawun hali daga hukumar likitocin duk ƙasar da ya taɓa aiki, ya ci jarrabawar Turanci. Sa'an nan ya fuskanci Majalisar Likitanci ta Ostireliya, wadda aka fi sani da AMC. Jarrabawarta ta farko tambayoyi 150 ne a kwamfuta cikin sa'a uku da rabi. Ta biyu ta aiki ce, inda ake kawo masa mutanen da aka koya wa kwaikwayon marasa lafiya a ga yadda zai yi da su, ko kuma a wasu asibitocin da aka amince da su a gwada shi yana bakin aiki cikin watanni. Wanda ya ci ta farko kaɗai yana iya samun rajista mai iyaka ya fara aiki a wurin da aka tabbatar ana ƙarancin likitoci. In aikin likitan iyali ne, sai ya nuna ya taɓa yin irinsa na tsawon shekara uku cur. Ita wannan rajista shekara-shekara ake sabunta ta, sau uku kawai, kuma kowane sabuntawa sai an ga alamar yana matsawa gaba.

Akwai wani zauren kuma da ya keɓanta ga masu neman aikin likitan iyali, wato ganawar da suke kira PESCI. Kwamiti ne na mutum uku, akasarinsu likitocin da suka san aikin, sukan zauna da baƙon su kawo masa misalan marasa lafiya irin waɗanda zai tarar a ainihin garin da zai je. Abin lura a nan shi ne ba wai ana tambaya ko shi likita ne ba, an riga an wuce nan. Tambayar ita ce, ko ya dace da wannan kujera, a wannan asibiti, a wannan gari. Mutum yana iya dacewa da asibitin da ke da likitoci shida a garin da ke da babban asibiti, amma a ce bai dace da garin da zai zama shi kaɗai ba. In ya sauya wurin aiki zuwa wanda ya fi hatsari, ana iya cewa ya sake ganawar. Kwamitin yakan ba da shawarar irin sa idon da ya kamata a yi masa, amma Hukumar Likitoci ce ke yanke hukunci.

Matakai Huɗu

Ƙa'idojin da hukumar ta fito da su a farkon 2016 sun kasa sa ido mataki huɗu, kuma duk wanda ke tunanin wannan tafiya ya kamata ya san su kamar yunwar cikinsa, domin su ne za su yanke inda zai zauna da abin da zai samu.

A mataki na ɗaya, majiyyaci ba na baƙon likita ba ne, na mai sa ido ne. Shi ke ɗauke da nauyin kowane mutum da aka duba. Tilas ya kasance cikin asibitin da ƙafarsa duk lokacin da baƙon ke aiki, kuma tilas baƙon ya shawarce shi a kan kowane majiyyaci kafin majiyyacin ya bar asibitin. Ba a yarda a yi wannan ta wayar tarho ba. Mai karatu ya kwatanta a ransa: mutumin da ya shekara goma sha biyar yana aiki a ƙasarsu, watakila har ya riƙe asibiti sukutum, ga shi yana fita daga ɗakinsa sau ashirin a yini yana ƙwanƙwasa ƙofar wani, wanda mai yiwuwa ya girme shi, domin ya ce masa ga yaro mai ciwon kunne, ga abin da nake so in rubuta. Ba ƙaramin haƙuri ake bukata ba, daga ɓangarorin biyu.

A mataki na biyu su biyun suke raba nauyin. Mai sa ido zai kasance a wurin aƙalla kashi 80 cikin 100 na lokacin aikin baƙon, sauran lokacin kuwa a same shi ta tarho ko ta hoton bidiyo. Baƙon ba ya tsayar da majiyyaci sai an zo, amma kowace rana zai ba da bayanin waɗanda ya duba da abin da ya yi musu. Mataki na uku shi ne inda nauyin ya koma wuyan baƙon, har ma yana iya aiki shi kaɗai a asibitin muddin ana iya samun mai sa ido ta waya, shi kuma mai sa ido ya shirya hanyar da zai riƙa gane ko aikin na tafiya lafiya, kamar bin takardun marasa lafiya yana dubawa. A na huɗu cikakken nauyi na baƙon ne, mai sa ido sai ba da shawara in an nema, da bitar aikin lokaci-lokaci.

Ba a hawa daga wannan mataki zuwa wancan don mai asibiti ya ga dama. Sai an rubuta wa hukuma, an haɗa da rahoton aiki, ita ta amince.

Shi kansa mai sa idon akwai abin da ake nema gare shi. Galibi ana so ya zama ƙwararre mai rajista a fannin, ya kuma yi aƙalla shekara uku yana aiki a Ostireliya. Kada ya zama ɗan'uwan baƙon, ko mijinta ko matarsa, ko wanda baƙon ke biya albashi. Sai ya yi wani ɗan kwas na hukumar ta intanet ya ci gwajinsa. Ba a cika yarda mutum ɗaya ya riƙe fiye da baƙi huɗu ba, in kuwa yana duba nasa marasa lafiyar a lokaci guda, to ɗan mataki na ɗaya guda ɗaya tak zai riƙe. Bayan wata uku da fara aiki zai aika wa hukuma rahoto a kan baƙon, da shaidar cewa an gabatar masa da tsarin lafiyar ƙasar, sa'an nan wani rahoton a duk lokacin sabunta rajista. In ya ga abin da zai cutar da jama'a, ba zai jira lokacin rahoto ba, tilas ya sanar nan take. Wanda ya sa hannu ya ce yana sa ido alhali yana can wani gari, lasinsa ne ya jefa cikin hatsari.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Sa ido rabin magana ne. Sauran rabin shi ne taimakon da asibitin zai ba baƙon, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Jikin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, hawan jini na Zariya shi ne na Melbon. Abin da ke kayar da baƙon likita ba ilmin jiki ba ne, rashin sanin gari ne.

Ɗauki cututtukan da kansu. Likitan da ya fito daga Afirka ta Yamma ya ƙware a zazzaɓin cizon sauro da taifot da sikila, yana iya gane su tun majiyyaci na bakin ƙofa. A can kuwa sai ya yi shekara bai ga zazzaɓin sauro ba in ba a jikin matafiyi ba. Abin da zai riƙa gani kullum shi ne farar fata da rana ta ƙona, domin Ostireliya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan sankarar fata a duniya. Tilas ya koyi bambanta tabo marar illa da wanda zai kashe mutum cikin shekara biyu, a kan irin fatar da bai saba dubawa ba, ya kuma koyi yanke shi a ɗakinsa. Zai ga tsofaffi masu shekara tamanin da casa'in, kowanne da cuta huɗu ko biyar da magani goma. Zai ga masu ciwon damuwa, da manoman da fari ya karya, da masu neman ya rubuta musu magungunan kashe zafi masu sa maye, waɗanda doka ta kafa wa tarko iri-iri, har akwai na'urar da ke nuna wa likita ko wani likitan ya riga ya rubuta wa mutumin.

Sa'an nan ga takardu. Kowane irin aiki da likita ya yi yana da lambarsa a littafin Medicare, ganawar da ba ta kai minti ashirin ba da lambarta, wadda ta wuce da tata. Wanda ya sa lambar da ba daidai ba, ko da cikin rashin sani ne, ana iya sa shi ya mayar da kuɗi. Magungunan da gwamnati ke rage wa kuɗi suna da nasu sharuɗɗan, wasu sai an nemi izini kafin a rubuta. Doka ta tilasta wa likita ya kai rahoto in ya yi zargin ana cutar da yaro. Kuma ba wanda zai taɓa majiyyaci sai yana da inshorar da za ta tsaya masa in an kai shi ƙara. Duk wannan ba a koyar da shi a jami'ar ƙasar waje, sai dai manajan asibitin da ma'aikatan jinya da mai sa ido su zauna da baƙon su koya masa, su rage masa yawan marasa lafiya a makonnin farko, su bar shi ya zauna a ɗakin wani likita yana kallo.

Akwai kuma maganar harshe da ɗabi'a. Cin jarrabawar Turanci daban, gane Turancin tsohon makiyayi wanda ke haɗiye rabin kalma daban. Majiyyacin can yakan kira likita da sunansa na yanka, ya yi masa gardama, ya zo da abin da ya karanto a intanet, ya kuma ƙi magani in ya ga dama, doka na bayansa. Yarinya budurwa tana iya neman a rufa mata asiri ko daga iyayenta. Likitan da ya saba in ya yi magana an gama, sai ya sake koyon zama da mutane. Mafi nauyi duka shi ne sha'anin 'yan asalin ƙasar, watau Aborijin da mutanen tsibiran Torres, waɗanda Turawa suka iske a can. Tsawon ransu ya gaza na sauran jama'a da kimanin shekara takwas, ciwon suga da na ƙoda da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro sun yi musu katutu, kuma tarihin ƙwace musu ƙasa da 'ya'ya ya sa da yawansu ba su amince da asibiti ba. Saboda haka ana bukatar kowane likita ya sami horo a kan yadda zai duba su ba tare da ya ci musu fuska ba.

Dokar Shekara Goma

Mai karatu zai ce, to me zai hana baƙon ya zauna a Sidni inda masu sa ido suke birjik? Doka ce ta hana. Sashe na 19AB na dokar inshorar lafiya ta 1973 ya ce likitan da ya yi karatu a waje, in an yi masa rajista daga farkon 1997 zuwa yau, Medicare ba za ta biya kuɗin aikinsa ba har tsawon shekara goma, sai fa in yana aiki a yankin da gwamnati ta ayyana a matsayin mai ƙarancin likitoci. Ba a hana shi buɗe asibiti a birni ba, amma wa zai je wurin likitan da zai biya shi duka daga aljihu alhali ga na kusa da shi gwamnati na biya? An kasa ƙasar kashi-kashi, daga babban birni zuwa ƙungurmin daji, kuma gwargwadon nisan da mutum ya yarda ya yi, gwargwadon ragin da za a yi masa, har shekara goman tana iya komawa biyar.

To, a nan tsarin ya ci karo da kansa. Likitan da ya fi bukatar a tsaya a kansa, shi doka ke turawa inda masu tsayawar suka fi ƙaranci. Garin da likitansa ɗaya ya tsufa ya ajiye aiki ba zai iya ɗaukar ɗan mataki na ɗaya ko na biyu ba, domin babu wanda zai zauna tare da shi. Garin da ke da likita ɗaya wanda aiki ya riga ya sha masa kai, in ya karɓi ɗan mataki na ɗaya, ya ƙara wa kansa kaya ne a watannin farko. Kuma likitan iyali a can ba albashi yake ci ba, yawanci gwargwadon mutanen da ya duba ne yake samu. Duk mintin da ya ɓata yana sauraron bayanin baƙo, kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Shi ya sa asibitoci da yawa in suna cigiyar likita sukan nuna sun fi son ɗan mataki na uku, a bar sabon zuwa yana yawo da takardar cin jarrabawa ba wurin aiki. Gwamnatin tarayya ta gane haka, ta fito da wani shiri a 2024 wanda ke ba da ɗan tallafin kuɗi domin sa ido da ƙarin karatu ga likitocin da ba su kai ga shiga horon ƙwarewa ba. A 2022 kuma ta faɗaɗa yankunan da baƙi za su iya aiki har suka haɗa da manyan garuruwan lardi da wasu gefunan birane. Ƙungiyar likitocin karkara ta yi kuka da wannan, tana cewa an buɗe wa baƙin hanyar barin ƙananan garuruwa, kuma kukan nata yana da hujja.

Wata matsalar da ba a cika rubutawa a takardun hukuma ba ita ce, sau da yawa mai asibitin shi ne ya tsaya wa baƙon wajen samun biza, shi ne mai sa masa ido, shi ne kuma mai rubuta rahoton da rajistarsa ta rataya a kai. Wanda abincinsa da zamansa da lasinsa duk suke hannun mutum ɗaya, ina zai sami bakin cewa ana ba shi aiki fiye da kima, ko ba a sa masa idon da aka yi alkawari? Wani kwamitin majalisar wakilan ƙasar ya saurari irin waɗannan koke-koke, ya fito da rahoto a 2012 mai shawarwari 45, inda ya kwatanta tsarin da wurin da mutum ke shiga ya ɓace. Abin mamaki ma, baƙon likita mai bizar wucin gadi daga ƙasar da ba ta da yarjejeniya da Ostireliya, shi da iyalinsa ba sa cin moriyar Medicare ɗin da yake yi wa aiki, sai ya sayi inshorar kansa.

Ko bayan an cire masa mai sa ido, tsugune ba ta ƙare ba. Aikin likitan iyali fanni ne na ƙwarewa a can, kuma kwaleji biyu ke ba da shaidarsa: RACGP wadda aka kafa a 1958, da ACRRM ta likitocin karkara wadda aka kafa a 1997. Doka ta ɗaure biyan Medicare da samun wannan shaida ko kasancewa cikin shirin horon da aka amince da shi. Akwai horon da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, akwai na shekara biyu da RACGP ta fara a 2023 wanda likita ke biya da kansa, akwai kuma wani shiri na musamman domin waɗanda ke can nesa, inda malamin ke koyarwa ta waya da bidiyo don kada garin ya rasa likitansa yayin da yake karatu. Bayan haka kowane likita, baƙo da ɗan gida, sai ya cika sa'a 50 na ƙarin ilmi kowace shekara.

Da ƙarancin likitoci ya tsananta bayan annobar korona, gwamnati ta sa wata tsohuwar babbar ma'aikaciya mai suna Robyn Kruk ta binciki tsarin. Rahotonta, wanda shugabannin tarayya da jihohi suka amince da shi a watan Disamba na 2023, ya nuna cewa hanyar ta yi tsawo, ta yi tsada, kuma ana sa mutum ya kai takarda ɗaya ofis-ofis. Sakamakon haka a watan Oktoba na 2024 aka buɗe gajeriyar hanya ga likitocin iyali masu shaidar ƙwarewa ta Ingila ko Ailan ko Niyu Zilan: hukuma ta yi musu rajistar ƙwararru kai tsaye ba tare da sun bi ta kwaleji ba, su yi wata shida ana sa musu ido, tare da gabatarwa ga tsarin ƙasar da horo kan 'yan asali. Kwalejojin sun nuna rashin jin daɗi, suna cewa likitan da ya saba da birnin Landan bai san aikin garin da babu asibiti kusa ba, kuma wata shida ba ta isa a gane hakan ba.

Ga ɗalibanmu da likitocinmu, wannan sauƙi bai shafi wanda ya taso kai tsaye daga nan ba. Shaidar da ake dubawa ita ce ta ƙasar da aka yi horon ƙwarewa, ba ƙasar haihuwa ba. Ɗan Nijeriya da ya je Ingila ya gama horon likitan iyali a can yana iya bin gajeriyar hanya, abokin karatunsa da ya tsaya gida ya shekara goma yana aiki a babban asibitin jiha kuwa sai ya bi ta AMC da PESCI, kuma ba mamaki a fara shi daga mataki na ɗaya ko na biyu. Mu ma a nan muna da namu zauren, domin yaran da jihohinmu suke turawa karatun likita Sudan da Masar da sauran ƙasashe, in sun dawo sai sun ci jarrabawar Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, sa'an nan su yi shekara guda ta koyon aiki ƙarƙashin manya kafin a ba su cikakkiyar rajista. Bambancin shi ne namu ya fi karkata ga wanda ya gama makaranta jiya, nasu kuwa ya bi tsohon hannu har cikin ɗakin da yake duba marasa lafiya, ya rubuta sunan wanda za a tuhuma in abu ya ɓaci, da yawan sa'o'in da zai kasance a wurin, da ranar da zai aiko da rahoto.